Janar Muhammadu Buhari da Mulkin Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

Tun bayan rasuwar Muhammadu Buhari a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, gardama a kan mulkinsa ta sake tashi a majalisu da teburan masu shayi da shafukan Facebook. Da yawa cikin masu gardamar ba a haife su ba lokacin da ya yi mulki cikin kaki, wasu kuwa dattawa ne da suka ga zamanin biyu da idonsu. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan dawowa.

Wane ne Buhari kafin ya fara mulki?

An haife shi a Daura ranar 17 ga Disamba, 1942. Ya yi sakandare a Katsina, ya yi horon soja a Kaduna da Ingila, ya zama hafsa a 1963, kuma da shi aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da Murtala Muhammad ya karɓi mulki a 1975 sai ya naɗa shi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas, wadda a yau ta rabu zuwa Borno, Yobe, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba. A 1976 Obasanjo ya ba shi ma'aikatar man fetur, kuma yana kan wannan kujera aka kafa kamfanin mai na ƙasa NNPC a 1977.

A 1983 yana kwamandan runduna ta uku a Jos lokacin da sojojin Chadi suka shigo tsibiran Tafkin Chadi. Ya fatattake su, ya bi su har cikin ƙasarsu. Wannan ya ƙara masa kwarjini a bariki, watanni kaɗan kafin juyin mulki.

Yaya ya hau mulki karon farko, kuma me ya sa bai daɗe ba?

Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, wanda bai fi wata uku da fara zango na biyu ba. Birgediya Sani Abacha ne ya karanta sanarwar a rediyo. Farashin mai ya faɗi, kayan masarufi sun yi wuya, albashi ya maƙale a jihohi da dama, ga ƙorafin maguɗi a zaɓen 1983. Shi ya sa mutane da yawa suka yi murna da zuwan soja. Buhari ya zama shugaba, Tunde Idiagbon ya zama na biyunsa.

Wata ashirin suka yi. Ranar 27 ga Agusta, 1985, shugaban sojan ƙasa Ibrahim Babangida ya kifar da su, Idiagbon yana aikin Hajji. Abokan aikin Buhari sun zarge shi da taurin kai da ƙin sauraron shawara. An tsare shi a birnin Benin na Najeriya har zuwa ƙarshen 1988. Masoyansa sun daɗe suna cewa an tumɓuke shi ne don ya fara taɓa manya, kuma wannan labarin ya taimake shi ƙwarai a siyasa daga baya (duba amsar da ke kan farin jininsa).

Da gaske mulkinsa na soja ya yi tsanani kamar yadda ake faɗa?

Ya yi. A Maris 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wato WAI. Aka tilasta bin layi a tasha da banki, ma'aikacin da ya makara a sa shi tsallen kwaɗo, aka fasa rumbunan 'yan kasuwa masu ɓoye kaya aka sayar a farashin gwamnati. Dattawa har yau suna tuna wannan da sha'awa.

Ɗaya ɓangaren ba a cika faɗinsa ba. Doka ta 2 ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba. Doka ta 4 ta ɗaure 'yan jarida biyu na jaridar Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A 1985 an harbe mutum uku kan safarar ƙwaya da dokar da aka kafa bayan sun aikata laifin. Kotunan soja sun yanke wa tsofaffin gwamnoni, irin su Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo, shekaru masu yawa a kurkuku. An tsare Shagari a gida, mataimakinsa Alex Ekwueme kuwa aka kai shi gidan yarin Kirikiri, abin da mutanen Kudu ba su manta ba. A Yulin 1984 kuma aka gano tsohon ministan Shagari Umaru Dikko a sume cikin akwati a filin jirgin Stansted ana shirin kawo shi Najeriya, lamarin da ya ɓata hulɗa da Ingila, ko da yake gwamnatin ta musanta hannu a ciki.

Daga ina farin jininsa a wurin talakawan Arewa ya samo asali?

Daga abu uku da suka haɗu. Na farko, mutum ne da ya riƙe jiha, ya riƙe man fetur, ya riƙe ƙasa, amma ba a gan shi da dukiyar da ake gani a hannun takwarorinsa ba. Na biyu, hukumar PTF mai kula da rarar kuɗin man fetur da Abacha ya ba shi a tsakiyar shekarun 1990. Tituna, magunguna a asibiti, littattafai a makaranta, duk da tambarin PTF a jiki, a lokacin da sauran ma'aikatu suka zama kufai. An yi zargin ɓarna a hukumar bayan Obasanjo ya rushe ta a 1999, amma zargin ya fi sauka a kan na ƙasa da shi. Wannan salo, na shugaba mai tsabta da mukarrabai masu tambaya a kansu, zai sake bayyana bayan 2015.

Na uku, bayan 1999 talakan Arewa yana ganin manyansa sun sayar da shi. Buhari ya zama wanda ake jingina fushin a kansa. “Mai Gaskiya” da “Sai Baba” ba kwamitin kamfe ne ya ƙirƙiro su ba. Mutane sun tara masa kuɗi daga aljihunsu, sun kwana a rumfunan zaɓe saboda ya ce a kasa, a tsare, a raka. Ɗan takarar da ba a san shi ba kan ci kujera don kawai ya manna hotonsa kusa da na Janar, musamman a 2015 da aka yi zaɓen “sak”.

Me ya sa ya faɗi sau uku, ya ci a na huɗu?

Lissafi ne. A 2003 a ANPP ya samu ƙuri'a kusan miliyan 12.7, a 2011 a CPC ya samu kusan miliyan 12.2, kusan dukkansu daga Arewa. Zaɓen 2007 kuwa ko wanda ya ci, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya yarda akwai kura-kurai a cikinsa. Tsarin mulki yana buƙatar mafi yawan ƙuri'u da kuma kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma Arewa kaɗai ba ta iya ba da wannan. A 2011 jihohi 12 ya ci, ko ɗaya babu a Kudu, rikicin da ya biyo bayan zaɓen kuma ya ci rayuka sama da 800.

A 2013 CPC ta narke da ACN ta Bola Tinubu da ANPP da wani ɓangare na APGA, aka kafa APC. A Nuwambar wannan shekara gwamnonin PDP biyar suka shigo, ciki har da Kwankwaso da Wamakko da Amaechi. Ga Boko Haram ta kama ƙananan hukumomi, ga 'yan matan Chibok, ga na'urar tantance katin zaɓe da shugaban hukumar zaɓe Farfesa Attahiru Jega ya kawo. Ranar 28 ga Maris, 2015, ya samu miliyan 15.4, Jonathan ya samu miliyan 12.9. Jihohi biyar cikin shida na ƙasar Yarabawa suka bi shi. Jonathan ya kira shi ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba, karo na farko da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe a Najeriya. A 2019 ya sake kayar da Atiku Abubakar, miliyan 15.2 da miliyan 11.3.

Ya yi mulkin farar hula kamar soja?

Nan ne kusan kowa ya yi kuskuren hasashe. 'Yan adawa sun tsorata mutane da cewa bulalar 1984 za ta dawo, masoya kuwa ita suke jira. Abin da aka samu shugaba ne mai jinkiri, mai miƙa aiki ya juya baya. Ya yi wata biyar da ɗoriya bai naɗa ministoci ba, sai Nuwamba 2015. Ya ce ba ruwansa da wanda zai shugabanci majalisa, sai Bukola Saraki da Yakubu Dogara suka hau ba da son jam'iyya ba, aka yi shekara huɗu ana kai ruwa rana. Ministoci irin su Abubakar Malami, Adamu Adamu, Lai Mohammed da Hadi Sirika sun yi kusan shekara takwas. Sai a Satumba 2021 ya sallami biyu, Sabo Nanono na noma da Saleh Mamman na lantarki. A ganina wannan ne babban aibin mulkinsa: in ya yarda da mutum ya gama, ba ya komawa ya tambayi ina aka kwana. A bariki akwai tsarin da ke bin sawun umarni. A gwamnatin farar hula ta Najeriya, in shugaba bai bi da kansa ba, ba mai bi.

Inda halin sojan ya fito shi ne wajen umarnin kotu. An tsare tsohon mai ba da shawara kan tsaro Sambo Dasuki daga 2015 zuwa Disamba 2019 duk da belin da kotuna suka yi ta bayarwa. A Disamba 2015 sojoji suka kashe 'yan Shi'a a Zariya, kwamitin binciken Jihar Kaduna ya tabbatar da mutuwar sama da mutum 340, aka ci gaba da tsare Sheikh Ibrahim Zakzaky bayan kotu ta ce a sake shi a 2016, sai 2021 wata kotu ta wanke shi. Ga dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen ana gab da zaɓen 2019, ga harbin masu zanga-zanga a Lekki a Oktoba 2020, ga rufe Twitter na wata bakwai. Shi da kansa ya sha cewa da yana cikin kaki kama mutane yake yi su wanke kansu, yanzu kuwa tsari ya ɗaure masa hannu.

Amma bai taɓa wa'adin mulki ba, kuma jam'iyyarsa ta rasa jihohi irin su Bauchi da Adamawa a 2019 bai hana ba.

Wa ke juya gwamnatin? Gaskiya ne wasu 'yan tsiraru suka ƙwace ta?

Wadda ta fara faɗin haka da babbar murya matarsa ce, Hajiya Aisha, a hirarta da BBC Hausa a Oktoba 2016. Sunayen da aka fi ambata su ne ɗan'uwansa Mamman Daura, wanda bai riƙe muƙami ba, da shugaban ma'aikatan fada Abba Kyari, wanda ya rasu a Afrilu 2020. A 2019 Buhari ya umarci ministoci su riƙa bi ta ofishin Abba Kyari in suna son ganinsa, wannan kuwa a fili aka faɗa.

Rashin lafiya ya ƙara wa zancen ƙarfi. A 2017 ya yi jinya sau biyu a Landan, na biyun ya haura kwana 100, kuma ba a taɓa faɗa wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Ya dai miƙa wa mataimakinsa Osinbajo mulki a rubuce, abin da ba a yi ba lokacin jinyar 'Yar'aduwa. Yadda Osinbajo ya kori shugaban DSS Lawal Daura rana ɗaya a Agusta 2018, yana riƙon ƙwarya, ya nuna wa mutane cewa jinkirin ba daga kujerar yake ba.

Tsaro ya gyaru ko ya lalace a zamaninsa?

Amsar ta danganta da garin mai tambaya. Mutumin Maiduguri ko Mubi zai ce ya gyaru. An mayar da cibiyar yaƙi Maiduguri, an farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa da Nijar, Chadi da Kamaru, bama-baman da ke tashi a tashoshin Kano, Kaduna da Abuja sun lafa, an cire shingaye. An sako 'yan matan Chibok 21 a 2016 da 82 a 2017. Shugaban Boko Haram Shekau ya mutu a Mayu 2021, a faɗa da ɓangaren ISWAP da ya ɓalle daga ƙungiyar, mayaƙa da iyalansu dubbai suka miƙa wuya. Sai dai an yi gaggawar cewa an gama da su tun Disamba 2015, alhali sace ɗaliban Dapchi da harin sansanin soja na Metele da kisan manoman Zabarmari duk suna gaba.

Mutumin Zamfara, Katsina, Sakkwato, Neja ko Birnin Gwari kuwa zai ce a zamanin Buhari ya san tashin hankali. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, 'yan bindiga suka riƙa sa wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, shugaban yana Daura a lokacin. Kagara da Jangebe suka biyo baya, aka kai hari jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin wannan shekara. Duk da kukan jama'a da na majalisa, hafsoshin tsaron da ya naɗa a Yuli 2015 ba su sauka ba sai Janairu 2021, da suka sauka kuma ya ba su jakadanci. Dalilin wannan yana cikin amsar da ke kan salon mulkinsa.

Ina aka kwana a yaƙi da cin hanci?

An yi abubuwa na zahiri. An tilasta asusun bai-ɗaya na TSA, an dawo da kuɗin Abacha dala miliyan 322 daga Suwizalan da wasu miliyan 311 daga Jersey, an ɗaure tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame a 2018. Sai kuma a Afrilu 2022 gwamnatin ta yi wa su biyun afuwa. Ibrahim Magu ya yi shekaru yana riƙon EFCC majalisar dattawa ta ƙi tabbatar da shi sau biyu, saboda rahoton DSS, hukumar da ita ma a ƙarƙashin shugaban take, daga baya aka dakatar da shi a 2020. Abdulrasheed Maina, da ake nema kan kuɗin fansho, ya koma aikin gwamnati a ɓoye a 2017 kafin a tona, daga baya aka ɗaure shi. A 2022 aka kama Akanta Janar na ƙasa kan zargin biliyoyin naira.

Ba a kama Buhari da sata ba, ko maƙiyansa ba su cika zarginsa da ita ba. Abin da suke cewa shi ne ya tsare hannunsa bai tsare baitulmali ba.

Me ya jawo tsadar rayuwa?

Wani ɓangaren gado ne. Gangar mai da ta haura dala 100 a 2014 ta faɗo ƙasa da 30 a farkon 2016, tsagerun Neja Delta suka fasa bututu, tattalin arziki ya karye a 2016, korona ta sake karya shi a 2020. Wani ɓangaren kuwa zaɓinsa ne. Tun 1984, da ya ƙi sharuɗɗan IMF, Buhari bai yarda da karya darajar naira ba. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya riƙe farashin gwamnati daban da na kasuwar bayan fage, wanda ya samu dala a banki ya sayar a kasuwar canji ta Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ya yi kuɗi yana zaune. Dalar da take kusan naira 197 a 2015 ta kai kusan 460 a hukumance a 2023, a kasuwa kuwa ta haura 700.

Hauhawar farashi ta tashi daga kusan kashi 9 zuwa sama da 22. Bashin ƙasa ya tashi daga kusan naira tiriliyan 12 zuwa 87 a tsakiyar 2023, in an haɗa da tiriliyan 22.7 da aka ranta daga Babban Banki. Tallafin mai da ya taɓa shakkar akwai shi ya ci tiriliyoyi, ya bar wa magajinsa cire shi. N-Power da ciyar da ɗalibai da mafi ƙarancin albashi na 30,000 sun taimaki wasu, amma tsada ta cinye su.

Rufe iyaka ya amfani manoma? Yaya ya shafi Nijar?

Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka rufe iyakokin ƙasa don hana shigo da shinkafa. Haɗe da bashin manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa suka yawaita a Kano, Kebbi da Jigawa. Amma buhun da ake saye ƙasa da naira 10,000 a 2015 ya haura 30,000 kafin Buhari ya sauka, kuma bashin da yawa ba a biya ba.

Garuruwan iyaka, Jibiya, Illela, Maigatari, Kongolam, da takwarorinsu Maraɗi da Ƙonni, sun ji jiki, musamman da aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ga dattawan Nijar wannan maimaici ne, domin ya rufe iyaka a 1984 ana tsakiyar fari, har wasu suka sa wa yunwar wannan lokaci sunansa. Duk da haka Nijar ce ƙasar da ya fara ziyarta a 2015, shi ne kuma ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021.

Me ya sa aka canza kuɗi ana gab da zaɓe?

Dalilan da aka bayar su ne dawo da kuɗi banki, hana biyan fansa da sayen ƙuri'a. An janye tsofaffin 200, 500 da 1,000 ba a buga isassun sababbi ba. A Fabrairu 2023 mutane suka kwana a layin ATM, suna sayen naira da naira a wurin masu POS, 'yan ƙauyen da ba su da asusu suka karyar da kayansu. Gwamnonin APC na Kaduna, Kogi da Zamfara ne suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe wa'adin ranar 3 ga Maris. Buhari ya taɓa yin irin wannan canji a Afrilu 1984, cikin ƙanƙanin lokaci, iyakoki a rufe.

Waɗanne ayyuka ya bari?

A nan ya fi samun maki, kuma yawanci ayyukan da ya tarar ne ya ƙarasa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kowa ke son aza nasa tubalin. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Legas zuwa Ibadan a 2021, gadar Neja ta biyu a 2023. Ya sa hannu a dokar man fetur a 2021 bayan ta yi kusan shekara ashirin tana yawo, da dokar zaɓe ta 2022. Ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya. Titin Abuja zuwa Kano da bututun gas na AKK bai gama su ba, lantarkin Mambilla ko farawa ba a yi ba.

Ya bambanta da Obasanjo, tunda dukansu janar ne da suka dawo ta akwati?

Sosai. Obasanjo komai sai ya sa hannu, yana kora yana naɗawa, ya samo yafiyar bashin dala biliyan 18 a 2005, amma an yi yunƙurin zango na uku a zamaninsa har majalisar dattawa ta kashe shi a 2006, kuma shi ya zaɓi magajinsa. Buhari bai yi ko ɗaya ba. Obasanjo ya goyi bayansa a 2015, ya rubuta masa wasiƙa a Janairu 2018 cewa kada ya sake tsayawa.

Wa ya gaji ƙuri'unsa?

Babu mutum ɗaya. Bai reni magaji ba, bai gina jam'iyya a kan aƙida ba. A zaɓen fid da gwani na Yuni 2022 shugaban APC Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan, gwamnonin Arewa suka ƙi, suka tsaya kan mulki ya koma Kudu, Tinubu ya ci. A 2023 Tinubu ya zama shugaba da ƙuri'a miliyan 8.8, Kano ta bi Kwankwaso, Katsina ta Buhari kuwa Atiku ya ci ta da ƙaramar rata. Tsofaffin 'yan CPC ma sun rabu a 2025: Nasir El-Rufai da Abubakar Malami sun bar APC, Tanko Al-Makura da Aminu Bello Masari suka zauna.